Wa Zai Auna Ƙurar Kara?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar dabbobi ta Batsari ranar kasuwa cikin hunturu ya san irin ƙurar da nake nufi. Tun kafin rana ta take, kofatan shanu da tumaki sun gama niƙe ƙasa da busasshen kashi sun mayar da su gari, iska kuma ta ɗauka tana rabawa kowa. Dillali kan ja amawali ya rufe hanci. Ɗan lodi kuwa ba shi da wannan gata, domin hannu ɗaya na kan igiya, ɗaya na kan wutsiyar sa. Da yamma kowa ya koma gida gashin ido fari fat, ya kaki majina mai launin ƙasa, ya ce ai ƙura ce.

Gaskiya ne ƙura ce, sai dai ƙurar kara ta bambanta da ƙurar titi. A cikinta akwai kashi da fitsari da gashi da busasshen jini, akwai kuma ragowar ruwan haihuwar dabbobin da suka haihu ko suka yi ɓari. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke kama dabba su kama mutum suna iya hawa wannan ƙura su shiga huhu. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a fara auna abin da mahauci da dillali da makiyayi da matar da ke kiwo a tsakar gida suke shaƙa a bakin sana'arsu. Batsari da Safana wuri ne da ya dace a fara, kuma aikin bai kai tsadar da ake zato ba.

Cututtukan da ke bin iska

Uku ne suka fi shafar wannan magana. Ta farko ita ce zazzaɓin Q. A shekarar 1935 aka nemi wani likita a Ostireliya, Edward Derrick, ya binciki wani zazzaɓi da ya addabi ma'aikatan mayanka a birnin Brisbane. Da ya wallafa bayaninsa a 1937 bai kai ga gano musabbabin ba, shi ya sa ya laƙaba wa cutar harafin farko na kalmar Ingilishi mai nufin tambaya. Daga baya aka gano ƙwayar, aka raɗa mata suna Coxiella burnetii. Tana zaune a jikin awaki da tumaki da shanu, sau da yawa ba tare da dabbar ta nuna alamar ciwo ba, sai lokacin haihuwa ko ɓari ta fito da yawan gaske: giram ɗaya na mabiyiyar dabbar da ta kamu na iya ɗauke da ƙwayoyi har biliyan guda. Tana jure zafi da bushewa, tana iya yin watanni a cikin ƙura da ranta, kuma ƙwayoyin da ba su kai goma ba sun isa su kwantar da mutum idan ya shaƙe su. Kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa jin komai. Sauran kan yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon jiki, wasu har da ciwon huhu ko na hanta. A jikin 'yan kaɗan cutar kan ɓuya ta koma ta kama zuciya bayan watanni ko shekaru, kuma tana da haɗari ga mai juna biyu.

Ta biyu ita ce wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. A jikin mutum takan zo da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi da na baya. Ta uku ita ce tarin fukan shanu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan 140,000 ne suka kamu da tarin fuka daga dabbobi. Waɗannan biyun sun fi shiga jiki ta ɗanyen nono ko ta taɓa ruwan haihuwa da kayan ciki da hannu. Amma ga wanda ke fiɗa da wanke tumbi a kwata, ko mai kwana kusa da saniyar da ke tari, iska ma ƙofa ce.

Wanda ke shakkar ƙarfin wannan ƙofa ya dubi abubuwa biyu da suka faru a zamaninmu. Tsakanin 2007 da 2010 an samu rahoton mutum fiye da 4,000 da suka kamu da zazzaɓin Q a ƙasar Holan. Tushen annobar manyan gonakin awakin madara ne, kuma da yawa daga cikin majinyatan ba su taɓa shafa akuya ba; maƙwabtaka da gonar kawai ta ja musu. Sai da gwamnati ta sa aka kashe awaki da tumaki fiye da 50,000, galibinsu masu ciki. A birnin Lanzhou na ƙasar Sin kuma, a watannin Yuli da Agusta na 2019, wata masana'antar haɗa rigakafin bakkale ta yi amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wa'adinsa ya wuce, iskar da take fitarwa ta bi gari, kuma zuwa ƙarshen 2020 an samu shaidar cutar a jinin mutum fiye da 10,000.

Ina ne wurin aiki a Batsari da Safana?

Idan aka ce wurin aiki, hankalinmu kan tafi ofis ko masana'anta. Dokokinmu ma haka suke kallon abin. Dokar Masana'antu ta 1987 an gina ta ne a kan gini mai injina da ma'aikata. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta amince da ciwon da sana'a ke jawowa, amma a aikace wanda ke da uban aiki mai biyan gudummawa ne ke cin moriyarta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa bakkale da tarin fuka da antaraks cikin jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a 2010, kuma a Yunin 2025 ta amince da sabuwar yarjejeniya ta musamman kan haɗarin ƙwayoyin cuta a wurin aiki. Duk wannan yana kan takarda. Yaron da ke kankare tumbi a kwatar Safana ba shi da takardar ɗaukar aiki, balle mai duba lafiyar wurin aikinsa.

A wannan yanki dabba ita ce masana'anta. Dajin Rugu da ya ratsa Safana da Batsari ya dangana da Zamfara tsohuwar makiyaya ce, kuma makiyayar Ruma da Kukar Jangarai na cikin waɗanda aka fara keɓewa a Arewa a shekarun 1960, zamanin da aka yi dokar keɓe makiyaya ta 1965. Saboda haka wuraren aikin da ya kamata mu lissafa su ne kara, da kwata, da ruga, da bayan motar da ke lodin dabbobi zuwa Kudu, da jujin da ake haƙar taki a bazara a loda wa jaki ko amalanke. Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi: turken awaki a tsakar gida. Matar da ke kiwon awaki huɗu ko biyar ita ce ungozomarsu, ita ke ɗauke ɗan da aka yi ɓarinsa, ita ke share turke da safe da busasshiyar tsintsiya, wataƙila da goyo a bayanta, wataƙila da ciki. A wurin likitan cututtukan sana'a wannan mata ma'aikaciya ce, tsakar gidanta kuma wurin aiki ne.

Rashin tsaro ya ƙara matso da dabba kusa da hancin mutum. Wanda a da yake barin shanunsa su kwana a gona ko a bayan gari, tsoron ɓarayin daji ya sa ya shigo da su cikin gida. Waɗanda suka yi gudun hijira daga ƙauyuka zuwa cikin garin Batsari sun zo da 'yan dabbobin da suka rage musu, aka cunkushe a filin da bai isa ba. Satar shanu kuma ta gwamutsa garken da ba su taɓa haɗuwa ba, ta kai dabbar da ba a san tarihin lafiyarta ba kasuwa. A ƙauyukan da malamin dabbobi ba ya iya shiga, akuya goma za su yi ɓari a wata guda ba tare da labarin ya kai ofis ba.

Zazzaɓin da ake kira da sunan wani

Me ke faruwa idan mahauci ya kwanta da zazzaɓi? A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. In bai nuna ba, a ce taifod ne. In magani bai yi ba, a canza wani. Wani bincike da aka yi a garin Moshi na arewacin Tanzaniya, aka wallafa a 2013, ya nuna girman wannan giɓi. Daga cikin majinyata 870 da aka kwantar da zazzaɓi, an yi wa kashi 60 cikin ɗari hukuncin zazzaɓin cizon sauro, amma da aka bi diddigi, waɗanda ke da shi da gaske ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa cikakken gwaji, bakteriyar da ke tasowa daga dabbobi ce ta kwantar da su. Katsina ba Moshi ba ce. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a nan nesa ba kusa ba, musamman da damina da kaka. Amma darasin ya shafe mu: ciwon da ba a nema a gwaji ba ya shiga rajista, wanda bai shiga rajista ba kuwa ba ya shiga kasafi.

Abin takaicin shi ne waɗannan cututtuka suna da magani. Zazzaɓin Q na jin wani sanannen maganin kashe bakteriya mai araha idan likita ya gano shi da wuri. Bakkale na buƙatar magani biyu a haɗe har mako shida. Maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Ƙwayar tarin fukan shanu kuma ba ta jin ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara bai wa mai tarin fuka, kuma na'urar GeneXpert da asibitocinmu ke gwada majina da ita ba ta bambance ta da ta mutane. Masana a jami'o'in Zariya da Sakkwato da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom sun daɗe suna samun shaidar waɗannan cututtuka a jinin dabbobi da nono da naman mayanka a Arewa. Abin da aka fi bari a baya shi ne iskar da ke tsakanin dabbar da mai ita.

Yadda ake auna iska

Hanyoyin ba asiri ba ne. Ta farko ita ce a rataya wa ma'aikaci ƙaramin famfo mai batir a ƙugu, da siririn tiyo da ya haura zuwa wuyan rigarsa, inda aka maƙala matata kusa da hanci. Famfon na zuƙar lita biyu a minti ɗaya. A awa takwas ya zuƙi lita 960, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na lita 10,000 da ake ƙiyasta ma'aikaci na shaƙa a yinin aiki. Amfanin wannan hanya shi ne tana bin mutum duk inda ya shiga, ta nuna bambanci tsakanin mai karɓar kuɗin shiga a bakin kara da ɗan lodin da ke cikin bayan mota.

Ta biyu ita ce na'urar da ake girkewa wuri ɗaya, ta zuƙi iska ta buga ta a kan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ko ta ratsa da ita ta cikin ruwa. Wannan ta dace da bakteriyar da ke tsiro cikin sauƙi. Ba ta dace da namu ba, domin ƙwayar zazzaɓin Q ba ta tsiro a faranti irin na yau da kullum, rainon ita da ta bakkale kuma haɗari ne ga ma'aikacin ɗakin gwaji sai a ɗaki mai tsaro na musamman.

Ta uku ita ce mafi sauƙi, kuma ita ta fi dacewa da mu. Wani ɗan ƙyalle ne mai kama ƙura, wanda masana a Holan suka daidaita amfani da shi. A shimfiɗa shi a cikin buɗaɗɗen murfin roba, a ɗora a wuri mai ɗan tsayi, a bar shi kwana 14, a rufe a kai ɗakin gwaji. Ba ya buƙatar lantarki ko batir ko injiniya. A Faransa da Sifen ma an yi amfani da ƙurar da ta kwanta a garken tumaki da awaki wajen gano garken da ke ɗauke da cutar. A ɗakin gwaji kuma ana neman shaidar ƙwayar halittar bakteriyar ne da gwajin PCR, wanda annobar korona ta sa kowa ya san sunansa, ta kuma bar mana gadon na'urorinsa a jihohi da dama.

Awo yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. PCR ba ya bambance ƙwaya mai rai da matacciya. Awon yini ɗaya na iya fita fes alhali jiya iskar wurin cike take, domin ƙwayar na fitowa ne a lokutan haihuwa da shara da lodi. Sannan babu wani adadi da duniya ta amince cewa ƙasa da shi lafiya lau ne, kamar yadda ake da shi ga hayaƙi ko sinadarai. Shi ya sa awon iska ba ya tsayawa shi kaɗai. Sai an haɗa shi da gwajin jinin ma'aikatan da suka yarda, da na dabbobinsu, da rajistar zazzaɓi ta asibitin yankin. Ƙura za ta nuna wuri da lokaci, jini kuma ya nuna wanda abin ya riga ya taɓa.

Masu cewa ba yanzu ba

Na san abin da mai karatu daga Batsari zai ce, kuma yana da hujja: mutanen da harsashi da garkuwa suka hana barci, wa zai zo musu da zancen ƙura? Amsata ita ce babu wanda ya ce a ɗebi kuɗin tsaro a sayi ƙyalle. Magidancin da ya tsira daga daji amma zazzaɓin da ba a san kansa ba ya kwantar da shi wata uku, gidansa ya shiga irin yunwar da ta gudu da maƙwabcinsa. Kuma duk shirin farfaɗo da kiwo da ake ta magana a kai, tun daga kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, yana nufin tara dabbobi da yawa a wuri ɗaya. Abin da ya faru a Holan ke nan: awaki suka ƙaru cikin sauri a kusa da gidajen mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Mutanen wannan yanki sun san abin da ke biyo bayan gwamnati ta ɗora ido a kan kara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta haramta sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Batsari da Safana, saboda dalilan tsaro. Duk yadda mutum ya kalli dacewar matakin, dillali da mahauci sun ji a jikinsu. Idan baƙo ya zo da na'ura yana cewa zai auna cuta a kara, abin da za su fara ji shi ne za a sake rufe musu kasuwa. Makiyayi kuma, wanda tuni ake yi wa kallon tuhuma, zai ji ana shirin ɗora masa wani sabon laifi. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma duk binciken da ya yi watsi da shi zai samu ƙyallensa a cikin juji. Sharaɗin farko shi ne alƙawari a fili cewa sakamakon ba zai zama hujjar rufe kasuwa ko ƙwace dabba ko nuna wata ƙabila da yatsa ba. Akuyar Bahaushiya a tsakar gida da saniyar ruga duk ɗaya suke a wurin wannan ƙwaya.

Abin da za a iya yi a rani ɗaya

Ga abin da nake ganin ya isa a fara. Hukumomin lafiya da na dabbobi na jiha su haɗa kai da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, tare da Vom a matsayin mai tantance sakamako. Daga farkon hunturu zuwa faɗuwar damina a riƙa ɗora ƙyallen ƙura a kara da kwata da wasu gidajen masu kiwo a garuruwan biyu, da rugagen da tsaro ya bari a shiga ta hannun Ardo. A 'yan ranakun kasuwa a rataya wa ma'aikata kaɗan famfo, kowane rukuni da wakilinsa. A ɗebi jinin wanda ya yarda kawai, kuma wanda aka samu da ciwo a yi masa magani kyauta. Mata ma'aikatan lafiya ne za su shiga gidaje. Sakamako kuma Sarkin Fawa da shugabannin dillalai da Ardo da matan da suka ba da haɗin kai su fara jin sa, da Hausa da Fulatanci, kafin a kai shi wani taro a Abuja.

Wasu gyare-gyaren ba sai an jira sakamako ba. A yayyafa ruwa kafin a share turke ko kwata. Mabiyiya da ɗan da aka yi ɓarinsa a ɗauke su da leda a hannu a binne da zurfi, kada a jefa a juji ko a bar wa karnuka. Akuyar da ke shirin haihuwa a matsar da ita nesa da madafa, mai juna biyu kuma ta bar wa wani karɓar haihuwar dabba. Taki a rufe shi ya ruɓe kafin a kwashe. A Holan an hana kwashe taki daga garken da ya kamu har kwana 90. A tafasa nono. Amma awo ne zai nuna wanne daga cikin waɗannan ya fi gaggawa, a wane wuri, a wane wata, kuma wa ya fi buƙatar takunkumin fuska na gaske, tunda amawali ba ya tare ƙura mai laushi irin wannan. Ostireliya, inda labarin ya faro, tana yi wa ma'aikatan mayanka allurar rigakafin zazzaɓin Q tun bayan da ta amince da ita a 1989. Ta kai nan ne domin wani likita ya ɗauki zazzaɓin mahauta da muhimmanci ya bi sawunsa.

Mu da muke sayen rago da Babbar Sallah, muke cin tsire da yamma, muna cin moriyar aikin mutanen da ke yini a cikin wannan ƙura. A cikin masu karanta wannan shafi akwai likitoci da malaman jami'a da jami'an ma'aikatu, kuma wasunsu 'ya'yan Batsari da Safana ne. Ɗalibin digiri na biyu guda ɗaya, da malamin dabbobi, da kwalin ƙyalle, da amincewar Sarkin Fawa, sun isa a soma kafin hunturu mai zuwa ya wuce.